Zagaya Ganuwar Bauchi a Kan Keke: Abin da Ƙofofi Suke Faɗa Mana

'Yan uwa mazauna Bauchin Yakubu, musamman mu da nema ya kawo mu daga Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram da sauran garuruwa.

A biranen gaɓar Bahar Rum irin su Basalona ta ƙasar Sifen, baƙo yakan yi hayar keke ya zagaya tsohon gari yana tsayawa a wuraren tarihi. Tun 2007 hukumar birnin ta samar wa mazaunanta kekunan haya. Da yawanmu idan muka ga haka a talabijin sai mu ce harkar Turawa ce. To amma ni na daɗe ina irin wannan zagaye a nan Bauchi da tsohuwar Raleigh ɗina, kuma abin da nake son jawo hankalinku a kai shi ne, akwai waɗanda suka shekara ashirin a garin nan, sun san Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal kamar yunwar cikinsu, amma ba za su iya lissafa maka ƙofofin gari ba.

Malam Yakubu ɗan Dadi, Bagere ne kuma almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya karɓo tuta, ya fara zama a Inkil, sannan ya kafa garin Bauchi a wajajen 1809. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, shi ya sa aka sa wa garin sunansa. Yakubu ya kewaye garin da ganuwa wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 10 da rabi. Ka ga kuwa mai keke, ko da yana tsayawa gaisawa da jama'a, ba zai wuce awa biyu bai gama zagayen ba.

Kowace ƙofa da darasinta. Ƙofar Tirwun tana tuna mana garin da aka haifi Yakubu. Ƙofar Inkil tana tuna sansaninsa na farko. Ƙofar Wase kuwa shaida ce ta yadda ikon Bauchi ya miƙa har Wase, wadda yanzu take cikin Jihar Filato. Ƙofar Jahun na ɗauke da sunan Fulanin Jahun. Sai Ƙofar Wambai, da Dumi, da Nassarawa, da Wunti, da Ran. Idan ka shiga cikin gari kuma ga Unguwar Barno. Wato tun farko garin nan da baƙi aka gina shi: Gerawa, Fulani, Hausawa da Barebari, kowa ya kawo malantarsa ko fataucinsa ko sana'arsa. Saboda haka zuwanmu ba sabon abu ba ne, sahun magabata muka biyo.

Ganuwar ba don ado aka yi ta ba, domin zamani ne na yaƙi. A 1827 Yakubu ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Barno a Fake, lokacin da ta doshi Kano. Ya rasu a 1845. An taɓa mayar da fada Rauta, amma daga baya aka dawo da ita Bauchi. Turawan Ingila suka ci garin a 1902, daga nan amfanin ganuwa wajen tsaro ya ƙare.

Wani abin sha'awa kuma, Bauchi tana da tsohuwar alaƙa da Bahar Rum ɗin da na ambata. Bajamushe Eduard Vogel ya taso daga Turabulus a 1853, ya ratsa Sahara zuwa Kukawa, ya iso nan a 1855. Bayansa Gerhard Rohlfs, shi ma Bajamushe, ya bar Turabulus a 1865, ya sauka Bauchi a 1867 kafin ya wuce Ikko. A rubuce-rubucensu Yakoba suke kiran garin, wato garin Yakubu. Hanyar fatake suka biyo, a kan raƙumi da doki, don a lokacin ba a ma ƙera keke irin wanda muka sani ba, sai a 1885 a Ingila.

Da ka kai Ƙofar Ran, ka jingine keke ka shiga kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. A zamaninsa ne jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961. Daga baya garin ya zama hedkwatar jiha a 1976, aka buɗe jami'a a 1980. Waɗannan su suka jawo ma'aikata da 'yan kasuwa irinmu, gari ya tsallake ganuwa ya bazu har Yelwa da Fadaman Mada.

A nan ne abin takaicin yake. Ƙofofin suna nan, an sake gina su da siminti, amma ita ganuwar ta ƙasa mafi yawanta ta tafi. Wani wuri ruwan sama ya cinye, wani wuri an yi gini a kai, wani wurin kuma juji ne. Mai mota ko ɗan acaɓa ba zai lura ba, saboda sauri yake yi. Mai keke ne yake ganin ɗan tudun jar ƙasa a bayan gidaje, ya tsaya ya tambayi dattijon da ke zaune a gindin dalbejiya, a ce masa ai nan ganuwa ta bi. Dattawan da suka san wannan kuwa kullum raguwa suke yi.

Kada mu ce wannan aikin 'yan asalin gari ne kaɗai. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, a nan suke karatu, kuma idan sun je garuruwanmu da Sallah, 'yan Bauchi ake kiransu. Shawarata ita ce, ranar Asabar da sassafe kafin rana ta yi zafi, a duba iskar taya da burki, a ɗauki gorar ruwa, a ɗora yaro a baya, a fara daga ƙofar da ta fi kusa da gida. A riƙa rubuta abin da dattawa suka faɗa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma Bauchi ta karɓe mu hannu bibbiyu, ya kamata mu san tarihinta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garin nan lafiya. Wassalam.