Wasan Kwaikwayo da Barkwanci a Ƙasar Hausa: Daga Tashe zuwa Wasan Daɓe

Wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa ya girmi karatun boko, ya girmi rediyo da talabijin. Tun kafin a gina ɗakin kallo ko a fara yankar tikiti, Bahaushe yana da lokutan da ya keɓe domin a kwaikwayi sarki da alƙali da malami da gwauro a bainar jama'a, a yi dariya, a watse ba wanda ya riƙe wani a zuci. Dandali da ƙofar gida da ƙofar fada su ne fagen. Mai kallo kuma ba ya zama shiru. Yana amshi, yana tafi, yana tsoma baki, wani lokaci ma da shi ake wasan.

Babban misali shi ne tashe, wanda ake farawa idan azumin Ramalana ya kai kwana goma. Masana da dama suna danganta asalinsa da tayar da mutane yin sahur, musamman gwagwaren da ba su da matar da za ta tashe su. Bayan shan ruwa yara da samari da 'yan mata kan fita ƙungiya-ƙungiya, gida-gida, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A wasan Tsoho da Gemu yaro kan manna gemun auduga ya dogara sanda yana rawar jiki. A Jatau Mai Magani ana kwaikwayon mai tallar maganin gargajiya yana jero sunayen itatuwa da saiwoyi. 'Yan mata kuwa suna da Mairama da Daudu, inda suke nuna zaman aure da ladubbansa tun ba su shiga ɗakin miji ba. Akwai kuma wanda ake tsokanar malamin da aka gani yana rawa shi kuma yana musu. A Kano har sarauta al'adar ta haifar: Nalako, sarkin gwagware, shi ke jagorantar kamun gwauro, a ɗaura wa wanda ya ƙi aure igiya a zaga da shi gari. Duk wanda ya taso a birni ko ƙauyen Hausa ya san cewa a nan yawancin yara suka fara tsayawa gaban taro ba tare da kunya ta kama su ba.

Bayan tashe akwai kalankuwa, bikin samari da 'yan mata na bayan kaka, inda ake naɗa sarki da alƙali da dogarai na wasa, a kafa kotu a yanke hukunci. A cikin gidajen sarauta matan fada suna yin wasan gauta, su yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu. Wawan sarki yana faɗa wa ubangidansa abin da waziri ba zai iya furtawa ba. 'Yan kama kan ɗauki salon wa'azi ko na wata sananniyar waƙa su juya shi ya koma zancen tuwo da fura, 'yan gambara kuma suna yawo kasuwa-kasuwa da habaici da zambo, har da batsa, abin da ya sa malamai ba su taɓa sakar musu fuska ba. Abin lura a nan shi ne al'umma mai tsananin girmama na gaba ita ce ta buɗe wa na ƙasa wannan ƙofa, kuma manya suka yarda a yi dariya da su.

Rubutaccen wasa ya zo ne da makarantun boko. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da littafin Six Hausa Plays domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa shirya wasannin da ke sukar zaluncin masu mulki da cutar talakawa a kasuwa. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya kawo Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, sai Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Jigon yawancinsu kusan ɗaya ne: aure da saki, almubazzarancin biki, da yadda zamani ke lalata tarbiyya. Makarantu da ƙungiyoyin matasa sun riƙa hawa dandamali da irin waɗannan wasanni, abin da ake kira wasan daɓe. Mafi yawan ƙungiyoyin ba sa haddace rubutu. Sukan amince kan labari, kowa ya san matsayinsa, sauran magana kuma ta fito daga bakin ɗan wasa a gaban jama'a.

Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai waɗannan 'yan wasa har cikin ɗakuna. Daga nan Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan ya shahara. Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, ya ƙirƙiro Samanja Mazan Fama, saje-manjan da ke cakuɗa Hausa da Turancin bariki. Ya rasu a Nuwamban 2023. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi suna da Karambana. Jos ta fitar da Karkuzu, Sakkwato ta fitar da Golobo, Kano kuma tana da Kuliya Manta Sabo. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin Samariya sun bunƙasa a zamanin Seyni Kountché, suna gasar wasanni a bikin matasa na ƙasa, kuma ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta zama abin kallon kowane gida mai talabijin.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an bi wata hanya dabam. Daga tsakiyar shekarun 1970, ƙarƙashin Michael Etherton, an gina ɗakin wasa da tubalin ƙasa irin ginin Hausawa, ɗalibai kuma suka riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Wannan ya fi kowane yunƙuri na zamani kusa da ruhin kalankuwa, domin mai kallo ya sake zama ɗan wasa.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda da wasan daɓe ta fara, ta fitar da fim ɗin bidiyo Turmin Danya. Daga nan ƙungiyoyi suka bar dandamali suka koma gaban kyamara. Barkwanci ya sami sabon gida a finafinan camama, kuma sarkinsu shi ne Rabilu Musa Ibro, tsohon ma'aikacin gidan yari, wanda ya rasu a ranar 10 ga Disamba, 2014. Ibro ya gaji 'yan kama kai tsaye: yana juya waƙoƙi, yana kwaikwayon malami da ɗan siyasa da ɗan kasuwa. Sai dai haƙurin da fada ta yi da wawan sarki bai samu irinsa ba, domin a 2008 an ɗaure shi a Kano lokacin da hukumar tace finafinai ta matsa wa 'yan fim.

Yau masu barkwanci sun fi yawa a TikTok da YouTube, kuma suna da ɗimbin masu kallo. Amma kallo ne na mutum ɗaya da wayarsa, babu amshi, babu tsoma baki. Wasan daɓe ya koma makarantu da bukukuwan hukumomin al'adu. Tashe ma yana fuskantar barazana, domin a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwace. Laifin na ɓata-gari ne. Ya kamata masu unguwanni da iyaye su tsaya a kan tsaron yaran, a bar su su fita tashe.