Daga wasiƙar Fafaroma zuwa ɗakin shan magani na ƙauye: tarihin da ya shafe mu

Yau a filinmu na tarihi za mu waiwayi wata tambaya da kowane magidanci ya sani: in talaka ya kwanta ciwo ba ya da ko dala, maganinsa sadaka ce da za a yi masa in an ga dama, ko kuwa hakkinsa ne da zai iya nema? Ɗarikar Katolika ta daɗe tana ba da tata amsa, kuma ko da yake mabiyanta ƴan tsiraru ne a Nijar, amsar ta taɓa aljihunmu ta hanyar da da yawa cikinmu ba su lura ba.

Kula da marasa lafiya tsohon aiki ne a wurin coci, amma koyarwarta a rubuce kan zamantakewar zamani ta soma ne a 1891. A shekarar Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa mai suna Rerum Novarum, lokacin da masana'antun Turai ke tatsar leburori, mutum ya wuni yana aiki amma albashinsa bai ciyar da iyali. Abin da wasiƙar ta kafa shi ne ɗan Adam yana da daraja da ba a saye da kuɗi, kuma hukuma tana da nauyi na musamman a kan marasa ƙarfi, tunda mai hali yana iya kare kansa.

Bayan shekara 72, a watan Afrilun 1963, Fafaroma Yohanna na 23 ya rubuta Pacem in Terris. Ita ce ta fito da maganar lafiya fili. Ta lissafa magani cikin hakkokin kowane mutum, a jere da abinci, sutura da wurin kwana, ta ƙara da cewa mutum yana da hakkin a kula da shi in ciwo, tsufa ko rashin aiki sun kayar da shi. Wani abin lura, ba ga Kiristoci kaɗai aka aika ta ba, an aika ta ga duk mai kyakkyawar niyya a duniya. Daga nan hujja ta sake kama. Wanda ya ce magani hakki ne, to ba zai tsaya ga buɗe ɗakin shan magani ba, dole ya tambayi masu mulki ina kuɗin jama'a suke tafiya.

A nan gida, mishan ɗin Katolika na farko ya zauna a Yamai a 1931, daga baya aikin ya bazu zuwa Damagaram, Dogonduci, Maraɗi da wasu wurare, da lakwal da ɗakunan shan magani. Sai dai mu bambance, don mutane kan haɗa su: likitar Galmi da aka buɗe a 1950 da cibiyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi, na ƙungiyar SIM ne, wato wani ɓangaren Kiristoci na dabam. Katolika kuwa sun fi yin suna da ƙananan cibiyoyi da ƙungiyarsu ta agaji, Caritas, wadda a yau muka sani da CADEV.

Farin shekarun 1970 ya sa idon duniya ya juyo kan yankinmu. A watan Mayun 1980, a Wagadugu, Fafaroma Yohanna Bulus na 2 ya yi kira ga duniya da ta taimaki Sahel. Kiran ya haifar da gidauniya mai sunansa a 1984, wadda ke aiki a ƙasashe 9, har da Nijar, kan ruwa, noma da yaƙi da hamada. Kowa ya san rijiya mai tsabta rabin magani ce.

To amma babban gwajin yana gaba. A shekarun 1980 bashi ya shaƙe ƙasashen Afirka, Bankin Duniya da asusun FMI suka tilasta tsuke bakin aljihu. Likitocin gwamnati suka wayi gari ba magani, ba auduga. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako: jama'a su riƙa biyan wani abu, da kuɗin a sake sayo magani. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. A tsakiyar shekarun 1990 biyan kuɗin magani ya zama doka a Nijar. Gaskiya ne magani ya dawo kan kanta a wurare da dama. Amma manyanmu suna tune da ɗaya gefen: uwa ta tsaya gida da yaro mai zazzaɓi har sai ya soma suma, don babu jika ɗaya a gidan.

A nan ne koyarwar 1963 ta fito titi. A 1994 Fafaroma ya rubuta cewa shekara ta 2000, shekarar Jubili, dama ce ta rage wa ƙasashe matalauta bashi sosai ko ma a yafe shi. Jubili daga Attaura ta samo asali: duk shekara ta 50 a saki bayi, a mai da wa kowa gonarsa. Coci-coci na ɗariku dabam-dabam, ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka haɗu a gangamin Jubili 2000. A watan Mayun 1998 kimanin mutum dubu 70 suka riƙe hannun juna suka zagaye tsakiyar birnin Birmingham na Ingila, inda shugabannin manyan ƙasashe ke taro. Takardar kokensu ta tara sa hannu fiye da miliyan 20. A 1999, a taron birnin Kolon na Jamus, manyan ƙasashen suka yarda a faɗaɗa sassaucin bashi, da sharaɗin kuɗin da aka rage su tafi ga yaƙi da talauci, musamman lafiya da ilimi.

Kun ga inda zancen ya zo ƙofar gidanmu. Nijar ta shiga wannan shiri, wanda ake kira PPTE, a watan Disamban 2000, ta kammala sharuɗɗansa a watan Afrilun 2004. Da kuɗin PPTE aka ɗauki nauyin shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadou, wanda ya gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani, wato kaz-da-sante, a ƙauyuka. Sannan a 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Ba mu ce Fafaroma ne ya gina waɗannan ɗakuna ba. Shawarar hukumomin Nijar ce. Amma kuɗin da suka ba da sararin yin ginin, an ƙwato su ne da gwagwarmayar da masu imani suka tsaya a sahun gabanta.

Tarihin bai tsaya kan daɗi ba. Wasu ɗakunan an gina su amma ba ma'aikaci, ko ba magani. Maganin kyauta kuma gwamnati ce ya kamata ta biya wa cibiyoyin lafiya, sai biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru, kanta ta bushe. Uwa ta zo da kati na kyauta, a rubuta mata ordinas ta tafi farmasi da kuɗinta. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma ƙasashe kaɗan ne suka cika. A 2024 hukumomin Nijar sun sanar da rage kuɗin magani a likitocin gwamnati da rabi. Mataki ne mai kyau, kuma darasin 2006 yana nan: sanarwa tana zama magani ne ranar da kuɗinta suka isa CSI.

Mu da akasarinmu Musulmi ne, wannan hujja ba baƙuwa ba ce gare mu. Alƙur'ani ya kira rabon mabuƙaci a dukiyar mai hali hakki, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, ta nuna yafewa ta fi alheri. Muna da zakka, muna da waƙafi. Abin da tarihin Jubili ya nuna shi ne yadda ake ɗaukar aƙida daga mumbari a kai ta teburin kasafin kuɗi, da haƙuri, da lissafi, da haɗa kai da wanda addininku ba ɗaya ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Saboda haka, kwamitin kula da CSI na unguwarku ko ƙauyenku, ku san su wa ke ciki. In an kira taron lissafi ku je. In an karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, ku nemi rasit, ku kai maganar ga magajin gari da mai unguwa. Limamai da fastoci da fada-fada kuma, in sun je gaban hukuma tare a kan maganin yara, da wuya a rufe musu ƙofa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ma'aikatan lafiyarmu ƙarfin gwiwa. Ku faɗa mana yadda abin yake a yankinku. Sai mun haɗu a fili na gaba.