Tuta da Hatimi: Takardun Naɗin Mayaƙa Daga Sakkwato Zuwa Rusairis

1.0 Gabatarwa

A kowace daula ba a fita yaƙi da sunan shugaba sai da izininsa. Wannan izini yakan zo da baki, ko ta hanyar wata alama, ko kuma a rubuce. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba takardun naɗin jagororin yaƙi na ƙarni na 19, da yadda aka tattara su, da kuma muhimmancinsu ga Hausawan da ke zaune a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu har zuwa Rusairis, a ƙasar Sudan.

2.0 Tuta a Daular Usmaniyya

Da jihadi ya kankama a 1804, babbar shaidar naɗi ita ce tuta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da tuta ga irin su Malam Musa na Zazzau, da Ummarun Dallaje na Katsina, da Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gombe, da Modibbo Adama na Fombina. Duk wanda ya dawo gida da tuta, jama'a sun san ba da kansa yake magana ba. Bayan daula ta zauna, sai wasiƙun Larabci suka yawaita tsakanin Sakkwato da masarautu, galibi ta hannun Waziri. A irin waɗannan wasiƙu hatimi ne ke tsayawa a matsayin sa hannu, domin magatakarda ne ke rubutawa, sarki kuwa hatiminsa ake bugawa.

3.0 Takardun Mahadiyya

A Sudan, Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a 1881, ya ci Hartum a Janairun 1885. Shi ma ya raba rundunarsa bisa tutoci: baƙa ga Halifa Abdullahi, koriya ga Ali wad Hilu, ja ga Muhammad Sharif. Sai dai Mahadiyya ta dogara ƙwarai ga rubutu. Amirai da wakilai sukan karɓi takarda mai hatimi wadda ke fayyace yankinsu da aikinsu.

Ɗaya daga cikin waɗannan takardu ta shafi Sakkwato kai tsaye. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya rubuta wa Mahadi mubaya'a. Mahadi ya mayar da amsa, ya naɗa shi wakilinsa a kan jama'ar Shehu. Sarakunan Sakkwato ba su amince da wannan naɗi ba. Hayatu ya haɗa kai da Rabe, suka ci Barno a 1893, aka kashe shi a 1898. Darasin da ke nan shi ne, takardar naɗi tana nuna abin da shugaba ya nufa ne, ba lallai abin da ya auku ba.

4.0 Yadda Aka Tattara Takardun

Waɗanda suka fara tattara takardun su ne waɗanda suka ci yaƙi. Bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, jami'an leƙen asirin rundunar Masar da Ingila, ƙarƙashin Winget da mataimakinsa Na'um Shuƙair, sun kwashe takardun Halifa a Umdurman. A ƙarshen Disamban wannan shekara aka fatattaki rundunar Amir Ahmad Fadil a kusa da Rusairis. Haka kuma a Sakkwato, wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903 su ne H. F. Backwell ya fassara, aka buga a 1927.

Daga baya masana suka karɓi aikin. P. M. Holt ya tsara takardun Mahadiyya a Hartum a shekarun 1950. A 1957 aka kafa taskar tarihin Sudan a Jami'ar Durham ta Ingila. Muhammad Ibrahim Abu Salim, wanda ya daɗe yana shugabantar taskar takardun ƙasa a Hartum, ya buga rubuce-rubucen Mahadi cikin juzu'i 7.

Mai nazarin irin wannan takarda yana duba abubuwa huɗu: hatimi, da kwanan watan Hijira, da salon rubutu, da ita kanta takardar. Rubutun Sakkwato ya bi salon Magaribi, na Umdurman kuwa ya bi na gabas. Yawancin takardun zamanin daga Italiya suke, kuma idan aka ɗaga su ga haske akan ga tambarin jinjirin wata uku. Wajibi ne kuma a bambance asali da kwafin da magatakarda ya shigar a kundi.

5.0 Hausawan Shuɗin Nilu

Tun da daɗewa alhazan ƙasar Hausa suke ratsa Sudan, wasu su zauna. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas. Sun sauka kusa da Shaikh Talha, suka kafa garin Mai Wurno. Aikin auduga na Jazira, wanda ya bunƙasa bayan gina madatsar Sinnar a 1925, ya ƙara jawo jama'a, ƙauyuka suka bazu har Rusairis. Ke nan tarihin waɗannan mutane ya rabu tsakanin taskoki biyu, ta Nijeriya da ta Sudan.

Batun bai tsaya ga tarihi ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, aka rasa rayuka fiye da 100. Cikin musabbabansa akwai batun ƙasa da na neman sarautar gargajiya, wato tambayar wa ya zo, yaushe, kuma wa ya naɗa wa. Sannan yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya jefa taskokin Hartum cikin haɗari, ya kuma raba dubban iyalai na Jazira da Sinnar da gidajensu.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa takardun naɗi sun tsira ne saboda wani ya tattara su, ko da kuwa abokin gaba ne. Tsohuwar takarda ba za ta raba gardamar ƙasa ba, amma rashinta yakan bar fili ga jita-jita. Don haka ɗalibin Hausa da ya iya Larabci da ajami yana da aiki a gabansa: ya ɗauki hoton abin da ke hannun iyalai da izininsu, ya rubuta inda aka samo shi, ya bar musu asalin.