Harshe Yana Bin Hanyar Kasuwa

'Yan'uwa, a wannan biki na zagayowar shekara ya kamata mu duba harsunan da suka yi zamani a kasuwannin Parakou da Djougou, domin da yawa daga cikinmu suna shawarar makarantar da za su sa 'ya'yansu.

Yaren Dendi da ake ciniki da shi a garuruwan nan biyu reshe ne na harshen Songhai, 'yan kasuwa ne suka sauko da shi daga bakin kogin Kwara. Sojojin Maroko sun karya daular Songhai a Tondibi a 1591, amma har yau da Dendi ake tayi a kasuwar Djougou. Sarauta ta faɗi, ciniki ya riƙe harshen.

Hausa kuma a bayan jakuna ta iso. Ayarin fatake daga Kano da Katsina kan ɗauko kanwa, tufafi da fatu, su yada zango a Djougou, su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da iyakokin Turawa suka raunana hanyar, amma Hausa ta zauna a zanguna.

Faransanci ya shigo da mulkin mallaka, ya kama ofis, kotu da makaranta, ya zarce bayan 'yancin kai na 1960. Yanzu ga shi yana ja da baya a maƙwabta: Mali ta sauke shi daga matsayin harshen hukuma a 2023, Nijar kuma a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa.

Yau Ingilishi ne a sama. Togo da Gabon, masu Faransanci, sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022. Wanda ke da hulɗa da Najeriya, Dubai ko intanet ya san amfaninsa. Sai dai ƙarfin Ingila da Amurka ne ya ɗaga shi, kuma ƙarfi yana ƙaura. Tuni 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou suke haddace ƙirga da Sinanci.

Shawarata ita ce yaro ya koyi Faransanci saboda takardun kwastan, ya ƙara da Ingilishi saboda odar kaya, amma kada a bar shi ya rasa Hausa da Dendi a gida. Da su ake ba da bashi babu takarda, da su ake sasanta dillali da mai kaya, daga Malanville har Kumasi.

Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.