Tarin Fuka na Ƙashin Baya: Daga Ƙaho Zuwa Ƙwayar Magani

Ciwon baya tsohon abokin manomi ne a ƙasar Zuru, har da Wasagu, inda ake wuni a duƙe da fartanya. Akasarinsa gajiyar tsoka ce, shi ya sa tun da can wanzami ne ke kafa ƙaho a kansa, maɗori kuma ya murza ya ɗaure.

Amma akwai wani iri da ba kasafai ake gamuwa da shi ba, wanda ƙaho bai taɓa kaiwa gare shi ba. Ƙwayar tarin fuka kan bi jini daga huhu ta sauka a ƙashin baya, ta yi ta cin sa a hankali. Ciwon ba ya lafawa ko an kwanta. Ga zazzaɓi da gumin dare, ga rama. In ƙashin ya rufta sai doro ya fito, wani lokaci ƙafafu su shanye. A da, sau da yawa iskoki ko sammu ake ɗora wa laifin.

Cutar ta daɗe, don an ga alamunta a jikin gawarwakin tsohuwar Masar. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana ta a 1779, Robert Koch kuma ya gano ƙwayar a Jamus a 1882. Magani mai ci bai samu ba sai da aka gano streptomycin a Amurka a 1943.

A Najeriya, cibiyar horar da ma'aikatan yaƙi da tarin fuka da kuturta tana Saye, kusa da Zariya. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na huhu wata 6 ake sha, na ƙashin baya kuwa wata 12.