Karusan Yusufu da Hotunan 'Ya'yanmu

Karatu: Farawa 45:16-28, Filibiyawa 4:10-20

 Hunturu ya shigo, an yanke dawa, Kirsimati kuwa ta ƙarato. A irin wannan lokaci kowane gida yakan ƙidaya mutanensa, a san wanda zai zo da wanda ba zai samu zuwa ba. Yau muna so mu waiwayi tarihin waɗanda ba su samu zuwa ba, da abin da suka riƙa aikowa a madadin kansu.

In ka shiga ɗakin wata tsohuwa a Wasagu, ko Ribah, ko Dabai, ko cikin garin Zuru, da wuya ka rasa hoto a jikin bango, ko a ƙasan akwati an naɗe shi cikin tsohon zane. Saurayi ne a tsaye cikin kaki, ya ƙame, fuska ba murmushi. A bayan hoton an rubuta sunansa, da sunan barikinsa, da shekara. Irin wannan hoto yana da dogon labari a ƙasarmu, gama mu mutane ne da suka daɗe da sanin zaman nesa da gida.

Tun zamanin Turawa aka san mutanen ƙasar Zuru da aikin soja. Turawa sun ɗora haraji wanda sai da kuɗi ake biyansa, aikin albashi kuwa ba shi da yawa a ƙauyukanmu, saboda haka samari suka fara duban hanyar bariki. Dattawanmu sukan ƙara da cewa golmo ya riga ya horar da su. Bisa ga al'adar Dakarkari, saurayi yakan yi wa surukansa noma har shekara 7 kafin a ba shi mata, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban bauta saboda Rahila. Wanda ya jure golmo, horon kurata ba zai ba shi tsoro ba. Da aka buɗe wurin horar da kuratan soja a Zariya a 1924, samarinmu suka riƙa bin wannan hanya tsara bayan tsara.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kai su inda kakanninsu ba su taɓa jin sunansa ba. A 1940 da 1941 sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha. Daga 1943 kuma aka riƙa kwasar sojojin Afirka ta Yamma a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, suka kara da Japanawa. Runduna ta 81 da ta 82 ne suka yi wannan aiki, kuma yawancinsu ba su ga gida ba sai a 1946. Sunayen wasu barikokin da 'ya'yanmu suka zauna a ciki daga baya, kamar Dodan da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Dalet a Kaduna, duka daga wuraren yaƙin Bama aka ɗauko su. Bayan samun 'yancin kai tafiyar ba ta tsaya ba. An je Kwango daga 1960 zuwa 1964. An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. An je Labanan a 1978, aka je Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo. Kowace shekara a cikin waɗannan, akwai gidajen da suka yanka kazar Kirsimati babu ɗansu a gefen akushi.

To, yaya saƙo yake isowa gida a wancan zamani? Sojan da bai iya rubutu ba yakan nemi abokin da ya iya, ya faɗa masa, shi kuwa ya rubuta. A manna kan sarki, wasiƙa ta bi ta gidan waya har Zuru, daga nan ta jira wani mai zuwa cin kasuwa, ko mai bishara da zai koma ƙauye a kan keke. In ta iso, sai a nemi mai karantawa. A nan ne Ikkilisiya ta yi babban amfani. Wajen 1925 Paul Ummel na mishan ɗin United Missionary Society ya fara aiki a Zuru, aikin da ya haifi ikkilisiyoyin UMCA na wannan yanki. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Waɗanda suka koyi karatu domin su karanta Maganar Allah, su ne suka zama masu karanta wa maƙwabta wasiƙunsu, da Kirista, da Musulmi, da mai bin addinin gargajiya. Sau da yawa bayan an tashi sujada ranar Lahadi, sai a zauna a gindin itace, a buɗe ambulan.

Amma wasiƙa magana ce da ta bi ta bakin mutum biyu ko uku kafin ta kai kunnen uwa. Uwa kuwa ta san ɗanta. Ta san zai ce yana lafiya ko da ba ya lafiya. Shi ya sa ranar da hoto ya faɗo daga cikin ambulan takan zama rana dabam. Hoto ba ya bukatar mai karantawa. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba takan riƙe shi, ta duba wuya ta ga ko ya rame, ta duba hannuwa da ƙafafu ta ga ko sun cika. Uba kuwa yakan duba damtse, ya ƙidaya igiya, ya san ko an yi masa kofur ko saje. Daga baya, da mata suka riƙa bin mazajensu zuwa bariki, sai hoton ya ƙaru da mace a zaune da jariri a cinya. Kakanni da yawa a hoto suka fara ganin jikokinsu. Soja yakan tara kuɗi tun watan Nuwamba, ya je wurin mai hoto, ya jira a wanke, ya haɗa da turmin atamfa da ɗan kuɗin cefane, ya ba ɗan garinsu da ya sami hutu ya kai gida kafin ranar 25 ga Disamba.

Wannan ya kai mu ga karatunmu na yau. Yakubu ya yi fiye da shekara 20 yana makokin Yusufu, yana tsammani naman jeji ya cinye shi. Da 'ya'yansa suka komo daga Masar suka ce Yusufu yana da rai, har yana mulkin ƙasar, tsohon bai gaskata su ba. Ba za mu ga laifinsa ba, gama bakin da ya kawo masa labarin mutuwa shi ne ya kawo masa labarin rai. Sai da ya fita ya ga karusan da Yusufu ya aiko domin a ɗauke shi, sa'an nan ransa ya farfaɗo. Mu lura da abu guda. A wannan rana Yakubu bai ga Yusufu ba tukuna, akwai doguwar tafiya a gabansa, yunwa kuma ba ta ƙare a Kan'ana ba. Duk da haka ya ce abin da ya gani ya ishe shi. Da ya kai Biyersheba a kan hanya, sai ya tsaya ya miƙa hadaya ga Allah. Godiyarsa ta riga saduwarsu.

Haka iyayenmu suka yi da hotunan nan. Ranar Lahadin da ta biyo bayan zuwan hoto, sai ka ga uwa ta tashi a gaban jama'a da kwanon dawa ko 'yar kaza, ta ce ta kawo baikon godiya. Ɗan bai dawo ba, ba ta kuma san ranar dawowarsa ba. Abin da ta sani shi ne, har ranar da aka ɗauki hoton nan Allah ya kiyaye shi. A kan wannan ta yi godiya.

Waɗanda suke can nesa su ma suna da abin da yake tuna musu da gida. A 1954 gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga kusa da Manrobiya a Laberiya, har da na Hausa. Daga 1963 zuwa 1977 kuma an riƙa jin Muryar Bishara daga Adis Ababa, ana shirya na Hausa a Jos. Soja a bariki da mahaifiyarsa a ƙauye sukan iya jin waƙa ɗaya da wa'azi ɗaya a dare ɗaya. A 1990 yaƙin Laberiya ya lalata tashar ELWA, a cikin watan Agusta na shekarar kuwa sojojin ECOMOG suka sauka a Manrobiya. 'Ya'yan waɗanda suka girma da jin muryar wannan birni suka tarar da kansu a cikinsa da bindiga a hannu.

Dole mu faɗi gaskiya, ba kowane hoto ne mai shi ya biyo bayansa ba. Akwai gidajen da hoton Kirsimati ya zama na ƙarshe, abin da ya biyo baya sai akwatin kayansa. Ba za mu ce wa gwauruwar da take riƙe da irin wannan hoto ta daina kuka ba. Amma mu tuna cewa Bulus yana ɗaure a kurkuku sa'ad da ya rubuta wa masu bi na Filibi yana gode musu saboda kyautar da suka aiko ta hannun Abafaroditas. Shi kansa ɗan saƙon ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a bakin aikin. Bulus bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba, duk da haka wasiƙar cike take da farin ciki, domin kyautar ta shaida masa cewa ba a manta da shi ba, Ubangiji kuma yana kusa.

Yau zamani ya sake. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, gaisuwa ta daina yin watanni a hanya, yanzu kuma hoto yakan iso ta WhatsApp kafin mai ɗaukarsa ya zauna. Amma wata irin nisa ta same mu wadda kakanninmu ba su sani ba. Dā ɗa ne yake barin gida, iyaye suna nan suna jiransa. A 'yan shekarun nan gidan ne gaba ɗaya yake tashi. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun kashe mutane masu yawa a ƙauyukan ƙaramar hukumar Danko/Wasagu. A watan Nuwamba na 2025 an sace 'yan mata daga makarantarsu a Maga, Allah ya sa aka sako su. Iyalai da yawa, Kirista da Musulmi, sun bar gonakinsu sun raɓe a wurin dangi a garuruwa. Wanda ya gudu da dare da yaro a goye ba ya tsayawa neman hoton bango. Ta haka wasu gidaje suka rasa fuskokin kakanninsu har abada.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa abu kaɗan a wannan Kirsimati. Kai da kake Kaduna, ko Legas, ko bakin daga a Barno, in ba za ka samu zuwa ba, kada ka bar hotonka a cikin waya kaɗai. Tsohuwa ba ta da wayar da za ta duba, in ma akwai, caji yakan ƙare. Ka sa a wanke maka shi a takarda, ka rubuta sunayen yaran da shekara a baya, ka ƙara kalma guda ta godiya ga waɗanda suka goye ka. Ku da kuke gida, ku ciro tsofaffin hotunan, ku tambayi dattawa ko su wane ne tun suna da rai, ku ɗauke su da waya ku aika wa dangi domin kada wuta ko gudu su cinye su. Ƙungiyar matasa kuma, ku nemi iyalan da suka gudo suka zauna a cikinmu, ku ɗauke su hoto, ku wanke ku kai musu, domin su sami abin rataya wa a sabon ɗakinsu. Zumuntar mata, kada a manta da gwaurayen sojoji ranar bikin.

Kirsimati kanta irin wannan saƙo ce. Shekaru aru-aru Allah yana aiko da magana ta bakin annabawa, mutane suna ji suna shakka kamar Yakubu. A Baitalami kuwa ya aiko da Ɗansa, wanda aka gani da ido, aka ɗauka da hannu, a cikinsa muka ga kamannin Uban da ba wanda ya taɓa gani. Mu ma ba mu isa gida ba tukuna, amma abin da aka aiko mana ya isa mu yi godiya tun muna kan hanya.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin iyayenmu da suka yi godiya tun ba su ga 'ya'yansu ba. Ka kiyaye namu da suke nesa, a bariki, da makaranta, da wurin neman abinci. Ka ta'azantar da waɗanda hoto kaɗai ya rage musu. Ka maido da salama a ƙasar Zuru, domin waɗanda suka gudu su koma gonakinsu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.