Awon ƙarfin ƙasa kafin a yi gini

Ƙasar da ka gani da rani ta yi tauri kamar dutse, ba lalle ba ne ta ɗauki nauyin gini da damina. Shi ya sa kafin a gina aji, ko bankin cimaka, ko hanya, ake haƙa rami a ɗebo ƙasa a kai ɗakin gwaji. A Nijar, babban ɗakin wannan aiki yana Yamai.

Da farko ana ɗora ƙasar a sikeli, a busar da ita kwana ɗaya cikin tanda mai zafin digiri 105, a sake aunawa. Nauyin da ya ragu, shi ne ruwan da ke cikinta. Sannan a tankaɗe ta da rariya iri-iri. Abin da ya tsaya bisa rariya mai ƙofar milimita 2 tsakuwa ce, abin da ya wuce kuwa rairayi ne da laka.

Laka ita ce abin tsoro. A gwajin da wani masani na ƙasar Suwidin mai suna Atterberg ya fito da shi a 1911, ana murza ta kamar igiya mai kaurin milimita 3, a auna ruwan da ke jikinta lokacin da ta fara karyewa. Sai a ƙara ruwa, a auna inda ta fara malala kamar kunu. In tazarar awon biyu ta yi yawa, to wannan laka tana kumbura da damina, tana tsukewa da rani. Ka san irinta a fadama da bakin Gulbin Maraɗi: mai kyau ga noma, amma tana ɗaga tushen gini har bango ya tsage.

Domin hanya, akwai gwajin Proctor, wani injiniyan Amurka, na 1933. Ana daɓe marmara cikin gwangwanin ƙarfe, ana canza yawan ruwa, har a gano wanda ya fi sa ta danne. Daga nan a jiƙa ta kwana 4, a danna ta da ƙarfe, a ga ƙarfin da ya rage mata.

In kana cikin kwamitin gini na garinku, ka nemi ɗan kwangila ya nuna takardar sakamako kafin a zuba siminti. Ka kuma tambayi zurfin da aka ɗebo ƙasar, domin ta inda tushe zai zauna ake bukata, ba ta sama ba.